Ido, Toka da Bedi: Gwanintar Manoman Babban Duhu Wajen Yaƙar Tsutsar Masara

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan yammacin Katsina a tsakiyar watan Yuli, lokacin da masara ta kai gwiwa, zai ga wani aiki da ba kasafai ake lissafa shi cikin ayyukan damina ba. An san huɗa, an san firi da maimai, an san zuba taki. Wannan kuwa mutum ne riƙe da tsohuwar ƙwarya ko gwangwani, tun rana ba ta fito ba, yana bin kunya a duƙe. Ya tsaya a kan masara, ya buɗa zuciyarta da yatsu biyu, ya leƙa, ya jefa ɗan wani abu a ciki, ya matsa gaba. Wata ya wuce ta ko taɓawa bai yi ba. Wata kuma ya daɗe a kanta har sai ya zaro abin da yake nema ya murje.

A Babban Duhu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda ƙasar Safana da ta Batsari suke fuskantar dajin Rugu, haka ƙaramin manomi yake kare masararsa daga tsutsa. Abin da ke cikin ƙwaryar bai wuce toka da yashi ba, kayan da ko a kasuwa ba a sa musu kuɗi. Shi ya sa mai kallo daga nesa yake ɗauka dabarar rashin kuɗin maganin feshi ce kawai. Da gaskiyarsa, amma rabi ya gani. Toka kowane gida akwai ta. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne sanin ranar da za a zuba, da gindin da za a zuba wa, da wanda za a ƙyale. Nan gwanintar take.

Masara ta hau arewa

Wannan yanki asalinsa ƙasar gero da dawa ce, da wake da gyaɗa da rogo. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasar kuma galibi jigawa. A da, masara abar bayan gida ce: 'yan kunyoyi kusa da turken dabbobi inda taki ya taru, a gasa a ci kafin sabon gero ya shigo. Abin ya fara sauyawa daga 1975, da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, aka kawo ingantaccen iri da takin zamani mai araha. Funtuwa da Bakori da Ɗandume da Malumfashi suka koma ƙasar masara. Daga baya cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru a Zariya da takwararta IITA ta Ibadan suka fitar da irin da ke nuna cikin kwana 80 zuwa 95, wanda gajerar damina ke isar sa. Sai masara ta yi ta hawowa arewa har ta samu gindin zama a gonakin Safana da Batsari, musamman a fadamu da wuraren da ƙasa ke riƙe laima.

Manoman da suka karɓe ta ba baƙin tsutsa ba ne. Tun kaka da kakanni suke fama da mai huda kara, wadda ke shiga cikin karan dawa ta cinye totuwarsa. Alamarta sananniya ce: zuciyar shuka ta bushe alhali ganyen waje na nan kore shar. Wadda ta fi damun dawa da masara, masana na kiran ta Busseola fusca, kuma tana da wani sirri. Idan damina ta ƙare ba ta mutuwa. Kwanciya take yi cikin busasshen kara, ta yi rani a can, sai ruwan farko ya sauka ta juya ta zama malam-buɗe-littafi mai tashin dare, ta nufi sabuwar shuka ta zuba ƙwai. Ke nan damin karan da aka jingine a gindin itace, da dangar gida, su ne maɓoyarta har wata shida.

Shawarar da malaman gona suka daɗe suna bayarwa ita ce a ƙone kara ƙurmus bayan girbi. Manomi ya ji, ya ce to, ya tafi ya ɗaure karansa. Ba taurin kai ba ne: da kara ake danga, da shi ake rufi, da shi ake hura wuta, ganyensa kuma dabbobi ke jira. Abin da wasu ke yi shi ne babbaka. Da an gama girbi, tun kara bai gama bushewa ba, a shimfiɗa shi a bi shi da wuta sama-sama, ganye ya ci, kara ya gasu ya tsira. A 1980 masana biyu na Samaru, Adesiyun da Ajayi, suka wallafa sakamakon gwajin wannan dabara: tana kashe sama da kashi 90 cikin ɗari na tsutsar da ke kwance a ciki, kara kuma yana nan da amfaninsa. Baza kara a fili rana ta dake shi, maimakon tara shi tsaye a inuwa, shi ma yana rage ta sosai. Haka sharar gona kafin ruwa, a tattara tushiya a cinna mata wuta. Darasin da aka gada daga nan guda ne: ka san inda abokin gaba yake kwana, ka same shi a can.

Baƙuwar 2016

A farkon 2016 aka fara ganin wata tsutsa dabam a gonakin masara na kudu maso yammacin Najeriya, da Benin da Togo da tsibirin Sao Tome. Masanan IITA suka tabbatar ita ce Spodoptera frugiperda, 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda ba a taɓa sanin ta a Afirka ba. Cikin shekara biyu ta gama kusan duk ƙasashen da ke kudu da Sahara. Ta isa Indiya a 2018, Sin a 2019, Ostareliya a 2020. Uwarta, malam-buɗe-littafi mai tashin dare, na iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka, don haka babu shingen da zai tare ta. A 2017 cibiyar CABI ta ƙiyasta cewa idan aka zuba mata ido, ƙasashe 12 na Afirka za su iya asarar tan miliyan 8 zuwa 20 na masara duk shekara.

Halinta ya bambanta da na mai huda kara, kuma duk dabarun manomi a kan wannan halin aka gina su. Uwar takan zuba ƙwai dunƙule, 100 zuwa 200 a wuri ɗaya, galibi a bayan ganye, ta lulluɓe su da wani gashi-gashi mai ruwan toka. A rayuwarta tana iya yin ƙwai sama da 1,000. Cikin kwana biyu zuwa uku sun ƙyanƙyashe. 'Yan jariran sukan kankare fatar ganye su bar shi shara-shara, wasu su saki zare iska ta kai su masarar maƙwabta. Da sun ɗan tasa sai su gangara cikin zuciya, inda sabon ganye yake naɗe, su ɓuya da rana su ci da dare. Tana saɓa sau da yawa cikin kimanin mako biyu, ta kai tsawon gaɓa biyu ta yatsa, kuma mafi yawan ɓarnar a kwanakin ƙarshe take yin ta. Daga nan ta sauka ta shige ƙasa, bayan kwana takwas ko tara ta fito da fiffike. Cikin wata ɗaya zagayen ya cika. Babba tana cin ƙarama, shi ya sa da wuya ka tarar da fiye da ɗaya ko biyu manya a zuciya guda. Mai son tabbatarwa ya dubi kanta, zai ga alama mai siffar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere biyu-biyu.

Ba ta kwana cikin kara, saboda haka babbaka ba ta shafe ta ba. Amma tana da nata ɗakin, zuciyar masara, kuma ƙofarsa a buɗe take sama. Manomin da ya gaji neman maɓoyar tsutsa bai daɗe ba ya gano haka.

Zagayen asuba

Aikin yana farawa tun masara na ganye uku ko huɗu. Gwani yakan zaga gonarsa sau biyu a mako, da sanyin safiya, lokacin da tsutsa ba ta gama nutsewa ƙasan zuciya ba. Ba ya tsayawa a bakin gona ya yanke hukunci, domin gefe yakan yi ƙarya. Yakan shiga ciki ya yi tafiyar karkace, ya tsaya nan ya duba gindi goma, ya tsallaka can ya duba goma. Littafin da hukumar abinci ta duniya, FAO, ta fitar a 2018 don makarantun manoma a gona ya ba da shawara irin wannan: tsayawa biyar, gindi goma-goma, a ƙirga nawa suka kamu.

Abu na farko da yake nema shi ne ƙwai. Ya juya ganye, in ya ga dunƙulen nan mai ruwan toka, ya sa babban yatsa ya murje. Murza ɗaya ta kashe tsutsa ɗari ko fiye tun ba su ci komai ba, kuma babu maganin da ya kai wannan araha. Na biyu shi ne ganyen da aka kankare. Wannan na nufin jarirai suna nan, kwana biyu ko uku da ƙyanƙyashewa, lokacin da kowane irin magani ya fi kama su. Na uku shi ne kashi. Tsutsar da ta girma takan cika bakin zuciya da kashi kamar garin katako a gindin zarto. Idan yana da laima, launinsa da haske, mai gidan na ciki. Idan ya bushe ya yi duhu, ta riga ta sauka ƙasa.

A nan ake gane wanda ya iya da wanda ke koyo. Yaro yakan ruga wajen masarar da ganyenta ya yi kaca-kaca, don ita ce ta fi ɗaukar ido.

"Baba, ga wata nan duk an cinye ta."

"Kai yaro, leƙa ciki tukuna. Kashin ɗanye ne ko busasshe?"

"Busasshe ne, Baba."

"To wuce ta, ɓarawon ya tafi. Dubo waccan da ka ga kamar lafiya lau."

Ramin da ke jikin buɗaɗɗen ganye tsohon labari ne, an yi shi tun ganyen na naɗe, kwanaki da suka wuce. Masara kuma tana da juriya: muddin ba a cinye can ƙasan zuciyarta inda take tofowa ba, kuma ta samu ruwa da taki, takan maye ganyen da ta rasa. Wani bincike da aka yi a gabashin Zimbabuwe aka wallafa a 2019 ya tarar asarar amfanin gona kusan kashi 12 cikin ɗari ce, duk da cewa gonakin a ido sun fi haka muni. Sanin wannan ke hana gwani firgita ya sayar da akuya don sayen maganin da masararsa ba ta buƙata.

Inda ya tarar da babba, yakan matse zuciyar a hankali daga ƙasa zuwa sama har ta motso, ko ya sa ɗan tsinke ya zaƙulo ta. Wasu su murje nan take, wasu su tara a gwangwani su kai wa kaji. Hannu mai nauyi yakan karya zuciyar, ya yi ɓarnar da ta fi ta tsutsar, shi ya sa ba a sakin yaro shi kaɗai sai an ga hannunsa ya faɗa.

Toka da yashi

Amfani da toka a kan ƙwari ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da toka ko yashi ake cakuɗa wake a rufe don kada ya huje. Matan da ke tsiyaye ruwan toka don miya sun fi kowa sanin kaifinta. Abin da aka yi kawai shi ne ɗauko tsohon sani a kai shi sabon wuri.

Ana ɗibar tokar murhu wadda ta huce sarai, a tankaɗe ta a rariya a fitar da gawayi, a haɗa da busasshen yashi mai laushi. Wasu kan ƙara ɗan dakakken barkono. Yashin na da aiki biyu: yana ba tokar nauyi ta gangara har inda tsutsar take, yana kuma rage mata kaifi. Ɗibar yatsu uku ta ishi gindi ɗaya, a jefa daidai tsakiyar zuciya, a ɗan kaɗa masarar don ta sauka. Jikin tsutsa laushi gare shi, kuma ta 'yan ƙofofi a gefen jikinta take numfashi. Yashi yana kurje ta, toka ta tsotse laimar jikinta ta toshe ƙofofin. Masu zuba ƙasar gona zalla su ma suna da hujja, domin ƙasa na ɗauke da ƙwayoyin cuta iri-iri da ke kama tsutsa.

Ƙa'idojin aikin ba a rubuce suke ba, amma tsaurara ne. Toka zalla mai yawa a kan ƙaramar masara, a kuma samu kwanaki ba ruwa, takan ƙone sabon ganye. Ruwa mai ƙarfi yakan wanke ta, sai an sake. Amma shi wannan ruwan yakan kashe jariran tsutsa da yawa, don haka bayan an kwana ana ruwa gwani yakan fara dubawa kafin ya sake zubawa. Lokacin da aka fi jin tsoro shi ne idan ruwa ya ɗauke mako ɗaya ko biyu a tsakiyar damina: tsutsa na ƙaruwa, masara na ja baya. Kuma duk wannan kafin masara ta fid da kai ne. Da ta fid da kai, zuciya ta buɗe, babu sauran wurin zuba toka, tsutsar da ta tsira sai ta koma kan goyo ta bi ta gemu ko ta huda ta gefe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bedi

Makami mafi ƙarfi a hannun ƙaramin manomi yana tsaye a ƙofar gidansa. Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogonyaro, daga ƙasar Indiya ya fito, kuma an fara dasa shi a lardin Borno a 1928, daga nan ya bazu ko'ina a Arewa. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye komai ta bar bedi tsaye da ganyensa. A 1968 aka ware sinadarin da ke yin wannan aiki, azadiraktin, wanda ya fi taruwa a cikin ƙwallon 'ya'yan.

Haɗin yana son haƙuri. Idan 'ya'yan sun nuna sun yi rawaya suna zuba, yara su tsinto, a murje naman a wanke ƙwallon, a shanya a inuwa, domin rana na rage masa ƙarfi. A ajiye a buhun da iska ke ratsawa. A leda fumfuna yake yi. Ranar da za a yi aiki, tun jiya da yamma a daka kimanin rabin kilo, a jiƙa a lita goma na ruwa ya kwana. Turmin dabam ake nema, don babu uwargidan da za ta ba da turmin furarta a daka bedi, ɗacin ba ya fita da wanki ɗaya. Da safe a tace da ƙyalle sau biyu don kada ya toshe bakin famfon feshi, a narka ɗan sabulu a ciki don ruwan ya kama ganye. Wanda bai da famfo ya huda murfin gorar roba, ya bi gindi-gindi yana tsiyayawa cikin zuciya. Da la'asar sakaliya ake yi, saboda dalili biyu: rana ba za ta lalata maganin ba, kuma tsutsar na dab da fitowa cin dare. Jiƙon ganye ma ana yi, amma bai kai ƙwallo ƙarfi ba.

Abin da ke sa wasu su raina bedi shi ne ba ya kashewa nan take. Mai gaggawa ya dawo washegari ya tarar da tsutsa na motsi, ya ce aikin banza ne. Wanda ya sani yana duba wani abu dabam: ta daina ci, babu sabon kashi. Bedi yana ɗauke mata sha'awar abinci, ya kuma hana ta saɓa, sai ta mutu bayan kwanaki. Ana maimaitawa duk mako har masara ta wuce haɗari. Gwajin da masanan CABI suka yi a Gana, aka wallafa a 2020, ya nuna magungunan da aka yi da bedi sun kusa kamo maganin kanti, toka da ƙasa kuwa tasirinsu bai kai haka ba. Wannan ya yi daidai da yadda gwani ke jera makamansa: yatsa ga ƙwai, bedi ga ƙanana, toka da tsinke ga wadda ta riga ta shige zuciya.

Masu taya aiki a gona

Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a jikin bango ya ga abin da ke ciki: tsutsotsi a jere, an sumar da su an ajiye wa 'ya'ya. Rina ma da tsutsa take ciyar da nata. Tururuwa na hawa masara ta jawo jarirai, tsuntsaye na tsince manya. Manomin da ya lura da haka ba ya gaggawar rushe gidan rina a gefen gona. A wasu ƙasashe, irin su Malawi, har romon kifi ko ruwan sukari ake yayyafa wa masara don a kira tururuwa.

Tsohuwar al'adar gicci, a sa wake ko gyaɗa tsakanin hatsi, tana taimakawa ta nan. Gonar da ke da amfani iri-iri ta fi tara waɗannan mafarauta, kuma uwar tsutsa da ke bin ƙamshin masara da dare ba ta samun ta a shimfiɗe fili guda. A Kenya cibiyar icipe ta gina wani tsari a kan wannan tunani tun shekarun 1990: a shuka wani ɗan'uwan wake mai suna Desmodium tsakanin layukan masara ya kori uwar, a kewaye gonar da ciyawar da ke jan ta. Binciken da suka wallafa a 2018 ya nuna yawan baƙuwar tsutsa ya ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari a irin waɗannan gonaki. Nan kusa kuma, da an wuce Jibiya, masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, ƙasar Nijar, sun shafe shekaru tun 2006 suna raba wa ƙauyuka 'yan buhunan da ake kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro a ciki, Habrobracon hebetor, wanda ke kashe tsutsar zangarniyar gero. A Nijar ɗin dai an gano wani mai suna Telenomus remus da ke zuba nasa ƙwan cikin ƙwan tsutsar masara. Maganin feshi mai ƙarfi ba ya bambance waɗannan da abokin gaba, duka yake sharewa.

Sai kuma maganar lokacin shuka. Tsutsar tana ƙaruwa ne zagaye bayan zagaye yayin da damina ke nisa. Wanda ya shuka da ruwan farko mai kyau, masararsa takan yi ƙarfi kafin taron ya yi yawa. Wanda ya makara kuwa, ƙaramar masararsa ce kaɗai mai taushi a unguwar, duk uwayen da suka fito daga gonakin maƙwabta kanta za su sauka. Don haka ake son maƙwabta su shuka tare, kuma in ɗaya ya ga ƙwai ya sanar da saura a masallaci ko a majalisa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Inda dabarar ta tsaya

Aikin hannu yana da iyaka. Eka ɗaya na ɗauke da gindin masara dubbai, kuma iyali guda za su iya bin 'yar gonar bayan gari gindi-gindi, amma mai eka ashirin ba zai iya ba. Akwai kuma shekarar da tsutsa kan yi yawan da dole a nemi maganin kanti. Gwani ba ya gaba da shi. Abin da ya sani shi ne ko maganin kanti sai an fesa shi da yamma ko da sassafe, a saita bakin famfo cikin zuciya, a kuma same ta tana ƙarama. Wanda ya fesa da tsakar rana a kan ganye, tsutsa na kwance can ciki, ya wanke masara ne kawai da kuɗinsa, ya shaƙi guba a banza. Yawan maimaita magani ɗaya kuma yana sa ta saba da shi, abin da aka daɗe da gani a nahiyar da ta fito. A Janairun 2024 an amince da sakin irin masarar TELA na Samaru, SAMMAZ 72T zuwa 75T, wanda aka sauya wa halitta don ya jure tsutsa; sai dai iri ne da ake saye duk shekara, kuma ba kowane ƙauye yake isa ba.

Babbar matsalar yankin kuwa kowa ya san ta. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna addabar Batsari da Safana, an bar gonakin da ke kusa da daji ba noma a damuna da yawa. Wannan ya taɓa gwanintar da muke magana a kai kai tsaye, domin jigonta shi ne zuwa gona da asuba da kuma la'asar, sau biyu ko uku a mako. Wanda sai rana ta take yake iya leƙa gonarsa, a gurguje, ba zai ga ƙwai ba sai dai ramuka. A ɗaya gefen, komawar mutane ga 'yan gonakin kusa da gari, ga tsadar magani da taki, ta sa wannan sani ya ƙara daraja: ƙaramar gona ce yanzu ke riƙe da gida, kuma ƙaramar gona ita ce wadda hannu ke iya karewa.

Abin da ya rage shi ne awo. Toka nawa ga yashi nawa ne ba ya ƙone ganye a ƙasar jigawa? Bedin da aka ajiye wata shida yana da sauran ƙarfi nawa? Gindi nawa cikin hamsin za su kamu kafin sayen magani ya biya kansa? Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da Safana, ga kuma malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jihar, KTARDA. Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibi zai iya amsawa a damina biyu, a gonar manomi, tare da manomin. Mutanen da aka kawo wa tsutsar da kakanninsu ba su taɓa gani ba, suka karanci halinta da ido cikin 'yan damuna suka nemo mata magani a murhu da ƙofar gida, sun isa a zauna da su a matsayin abokan bincike, a rubuta abin da suka sani da adadinsa, a mayar musu da shi cikin Hausa ta rediyo kafin shukar baɗi.